Tayil Ɗin da Mounkaïla Ya Ɓoye

Duk wanda bangon banɗakinsa ya fara tsatstsafo ruwa a unguwar Zongo ta Kwatano, Mounkaïla yake nema. Mai sa tayil ne, siriri, ba ya son surutu, ga saurin hannu. Ƙasar Kwatano ruwa gare ta, ka haƙa kaɗan ka tarar da shi, shi ya sa ba ya ɗora tayil sai ya shafe daɓe da bango da baƙin magani mai kama da kwalta, ya toshe magudana, ya tara ruwa ya ga ko zai ragu. Ya gyara wa 'yan kasuwar Missèbo banɗakuna ba iyaka, amma na uwarsa gansakuka ta cinye shi. Na sha yi masa gori a kan haka, don katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu.

Uwar tasa, Inna Kaltoumi, ita ce mai wankan gawar mata a layinmu, ni ma a hannunta na koya. Sai da santsi ya kayar da ita, ƙugunta ya goce har ta daina tashi sai an ɗaga ta, sannan kunya ta kama shi ya kwaso kayan aiki.

Daga kan tabarma take ba da umarni. Ta ce a gina dakali a cikin wurin wankan. Ya gina na zama, ta ce a rushe.

"Tsawon mutum a kwance nake so, kai. Gangaren kuma ya bi ta wajen ƙafa."

"Inna, dush ne fa, wurin wanka, ba gado ba."

"Ka yi maganin da kyau. Ba na son ruwana ya ratsa bango ya shiga ɗakin mutane. Ranar da ka gama, ni ma na gama."

Ina wurin ta faɗa, kuma na san irin dakalin da ake yi wa wannan tsawo. Shi ma ya gane.

Daga ranar saurin Mounkaïla ya ɓace. Yau siminti bai bushe ba, gobe yana da shantiye, wato aikin gini, a Agontinkon. Da dabara ta ƙare masa, sai ya bar gurbin tayil ɗaya a gefen dakalin, wajen kai, ya ce irinsa ya ƙare a kasuwa. Ƙarya yake yi. A akwatin ƙarfensa ya kulle shi, makullin na aljihunsa. Na ce masa ajali na Allah ne, tayil ba ya riƙe rai. Ya ce ya sani, amma bai saka ba. Tausayi ya ba ni, wallahi. Haka damina ta zo ta wuce, Inna tana wanka a kan dakali mai giɓi, kullum tana shafa gurbin da hannu.

Wata safiya ya dawo daga sayen koko ya leƙa banɗakin. Babu giɓi. Tayil ɗin na zaune a gurbinsa, ya ɗan karkace, simintin gefensa ɗanye. Ya laluba aljihu, makulli na nan. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana sallama, kokon na hucewa a hannunsa, ba a amsa ba.

Ni na yi mata wankan gawa a kan dakalin, ni da Housseina, ƙanwar Mounkaïla. Ruwa ya bi gangare ta wajen ƙafa ya faɗa magudana, ko ɗigo bai ratsa bango ba. Da na zo wanke hannunta na dama, sai na ga siminti a ƙarƙashin faratanta. Na duba Housseina, ta kawar da kai. Inna fa, matar da ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta.

Har yau Mounkaïla na aikinsa, saurinsa ma ya dawo. Akwatin nan dai bai sake buɗe shi ba, sai ya sayi wani. Na taɓa tambayarsa me ya sa. Ya ce, "Yaya Sakinatou, in na buɗe na tarar da tayil ɗin a ciki fa?"