Rigimar Hajiya Tabawa da Faransa

Ku da kuka zauna da mu a unguwar Bani Harisa ta Madina kun san Hajiya Tabawa ba ta buga waya sai ta yafa mayafinta na Idi ta fesa turare. Ta zauna, ta kafa jawwal, wato wayar hannu, a jikin butar shayi, ta ce, "Bonjur!" Jikanta Sadik, can Luwiziyana ta Amurka inda 'yarta tilo ke aure, ya zuba mata ido ya ruga.

Yaron ba Hausa, ba Larabci. Ita kuwa ba ta da Ingilishi, sai guntun Faransancin firamare da ta taho da shi daga Damagaram.

Laifin Dakta ne, maƙwabcinmu. Shi ya ba ta labarin cewa ƙasar da jikanta yake, a da ta Faransa ce, daga baya suka sayar wa Amurka, aka yanko jiha daga ciki.

"Da mutanen a ciki?"

"Da su, Hajiya."

"An tambaye su?"

"Ba a tambaye su ba."

"La ilaha! Ko akuya ai ana barin ta ta yi kuka!"

Shi ke nan, gaba ta ƙullu. A baƙala ta ɗaga cuku ta tambayi mai shago, "Na ina ne?" Ya ce, "Faransi, ya hajja." Ta dire shi. "Mayar musu. Su sayar wa Amurka!"

Mai sayen tsofaffin kaya ya taya tallajarta, firjin nan da ya daina sanyi tun tuni har tana adana tabarmi a ciki. Ta ce, "Ka gan ni da kama da Faransa?"

Na ce, "Inna, wanda ya yi cinikin nan fa ya daɗe a kabari."

"Madalla. Can zai yi bayani. Da ya riƙe ƙasarsa, da yanzu ni da jikana muna hira."

Mun sha dariya. Amma ni da ke leƙa ta bayan la'asar na san yadda ɗakin ke yin tsit in an kashe wayar.

Da ciwo ya kwantar da ita, na riƙe mata jawwal na ce, "Inna, ga Sadik, gaishe shi."

Ta girgiza kai. "Bar shi ya yi ta surutunsa, 'yar nan. Matso min da shi kusa da kunne."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yalwata mata makwanci. Ya raya Sadik, Ya sa wata rana ya zo Madina ya yi mata sallama, da kowane yare.