Gizakar Kawu a Firij

Yau abokin ɗakina ya wanke firij ya zubar da gwangwanin Kawu, ko tambaya bai yi ba. "Wata matacciyar tsutsa ce a ciki, khalas, shi ke nan," in ji shi. 

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni Dubai, muka yi aiki a siton sanyi na Al Warsan. Wata rana ya tsinci gizaka cikin katan ɗin kabeji da aka kawo daga ƙasar ƙanƙara, ta nannaɗe ta sandare kamar tsakuwa. Na ce mu kai ta rana. Ya riƙe hannuna da yatsunsa masu sanyi da ƙamshin kanumfari.

"A'a, ɗana, ba mutuwa ta yi ba. A ƙasarsu haka suke daskarewa har sanyi ya wuce, su farka su ci ganye, su yi fiffike su zama faɗa-wuta. Ka tashe ta yanzu, me za ta ci a wannan gari?"

Ya sa ta a gwangwani ya ajiye a firij ɗin ɗakinmu na unguwar Abu Hail. Duk sanda na yi ƙorafin zaman nan sai ya nuna ta ya ce, "Jira ma aiki ne."

To Kawu, ka yi ta jiran komawa gida har aka binne ka a nan. Ita ma ba ta taɓa tashi sama ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, ya tashe ka inda babu sauran jira.