Wayar da ban buga wa Baba Dokta ran Asabar ba

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambaya ko aure na yi a ɓoye. Ina fa aure, idona na dama ne ya so ya tafi ya bar ni.

Wata Juma'a da la'asar ina aikin bincikena a jami'a a Manchester, na kifa ido a kan na'urar duba ƙwayoyin halitta, sai na ga walƙiya a gefen idon, alhali ko hadari babu. Sai wasu baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje suka fara yawo a gabana. Na kai hannu zan kora, babu komai.

Washegari na tashi da wani baƙin labule yana saukowa daga saman idon. Ina kallon Ramatu, 'yar Kumasi da muke zaune gida ɗaya a unguwar Rusholme, ina ganin bakinta, ba na ganin goshinta.

Na san wanda ya kamata in kira: Baba Dokta, tsohon likitan ido, Bayahude, a Birmingham. Yana ɗan shekara tara aka sa shi a jirgin ƙasa shi kaɗai lokacin da ake farautar Yahudawa a Turai, bai ƙara ganin iyayensa ba. Ina ɗaliba a Selly Oak, can Birmingham, ya ga ina yawan tambaya a laccarsa, ya buɗe mini ɗakin littattafansa, ya koya mini aikin da nake taƙama da shi yau. Kullum maganarsa ita ce, “Duba sau biyu kafin ki ba abu suna.”

Amma Asabar ce, ranar ibadarsu, kuma tun da ya yi ritaya ba ya taɓa waya a ranar. Na ɗauki wayar na ajiye. Yaya zan sa dattijo ya karya ibadarsa saboda ni? Sai na yi masa kara, irin tamu ta Hausawa.

Ran Lahadi da na kira, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

“Hauwa, a addinina in ana batun ceton mutum, Asabar ce ke jira. Tashi ki tafi asibiti yanzu. Asabar mai zuwa ki kira ni ki faɗa mini abin da kike gani. Asabar na ce, don ki koyi darasi.”

A asibiti aka ɗiga mini magani, aka haska, aka ce tantanin da ke ɗaukar hoto a cikin idon ya ɓalle, kuma kwana biyun da na yi ina jira sun yi ɓarna. Na sa hannu a takardar da ta ce idon zai iya mutuwa. Na yi kuka a banɗaki.

Litinin aka yi aikin. Suka hura iska a cikin idon don ta danne tantanin, aka ce in kifa fuska ƙasa kwana goma. Aikin kyauta ne, kujerar kifa fuskar ce muka yi haya, fam tamanin. Salla da ishara, shayi da tsinken tsotso. Ramatu ta jingina ɗan madubi a ƙasa don in riƙa ganin ɗakin.

Asabar ta zo. Na ce ai Baba tsokanata yake yi, bari sai Lahadi.

Da hantsi na ga takalma a madubin, a bakin ƙofa. Baƙaƙe, masu igiya, na hagun ya ci gefe. Na duba sau biyu. Baba Dokta ne tsaye da 'yar hularsa, hannu ɗaya a kunne kamar mai sauraron waya.

“Ramatu, wa ya shigo?”

“Ba kowa. Hauwa, please stop it, kina ba ni tsoro. Bari in sa mana Baƙara.”

Ta sa karatun. Bai motsa ba.

Ran Lahadi na kira, ba a ɗauka ba. Kullum kuma yana nan a madubin. Likitan da ya duba ni ya ce in ido ya rasa haske, ƙwaƙwalwa takan ƙirƙiro hoto ta cike gurbi. Na san haka, na karanta. Amma tsigar jikina ba ta karanta ba.

Asabar ta biyu na duba madubin, babu shi.

Ran Talata Ramatu ta raka ni Birmingham a jirgin ƙasa. Ƙofar gidan a buɗe. An lulluɓe kowane madubi da mayafi, mutane na zaune a kan gajerun kujeru dab da ƙasa. Haka suke zaman makoki, kwana bakwai.

Matarsa ta kama hannuna.

“Ke ce Hauwa. Ciwon zuciya ne, 'yata, ya hana a faɗa miki. Waccan Asabar ya sa na kawo waya gefen gadonsa, ya ɗora hannu a kai tun safe har rana ta faɗi. Ya ce yarinyar za ta kira. Lahadi da sassafe muka kai shi asibiti, Asabar ɗin nan ya rasu.”

Na zauna kusa da ita a kan gajeriyar kujera.

Alhamdulillahi, idon ya dawo. Layin rubutu yakan ɗan karkace, amma na koma kan na'urata. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da Ramatu da ta yi kwana goma tana ɗura mini kunu, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata: in kun ga walƙiya a ido, ko ƙudajen da ba sa koruwa, ko labule, kada ku jira ganin GP, likitan unguwa, ku tafi sashen gaggawa a ranar. Ido ba ya jiran Litinin.

In kuma babba ya ce ku kira, ku kira. Sau biyu na yi wa Baba kara. Ta farko ta ci mini gefen ido, ta biyu ta ci mini sallama da shi.