Ba Gudu Na Yi a Kasuwar Shanu Ba

Wanda ya rubuta cewa sa ya kore ni a Kasuwar Shanu ya yi ƙarya. Matsawa gefe na yi.

Minti goma ina bayanin yadda ake gane shekarun sa daga haƙoransa, Bukar ɗan ƙanena yana ɗauka. Inda hulata ta tashi kaɗai ya saka.

Na ce, "Bukar, ina bayanina?"

Ya ce, "Baba, wa zai tsaya kallon haƙori? Hular ce ke riƙe mutane."

Shekara talatin na yi ina likitan dabbobi, yau dillalai Baba Hula suke kirana. Wannan adalci ne, jama'a?

Na haɗa da cikakken bidiyon, da hoton haƙoran, da hoton hular, wadda na cafe kafin ta taɓa ƙasa.