'Yan Biyun da Unguwa ta Raba

Akwai wani yammaci a unguwarmu ta Utaibiyya, a Makka, da ba na jin zan manta da shi muddin ina numfashi.

Kawuna ya rasu ya bar 'yan biyu maza, kamarsu ɗaya har murya. Mahaifiyata ta ɗauko ƙaramin ta riƙe a gidanmu, babban ya zauna wurin uwarsa a unguwar Hindawiyya. Dukansu sun gado kan ubansu, abu sau ɗaya suke ji su riƙe. Sai dai a layinmu duk yaron da ka gani da safe da jaka yake, ga maƙwabcinmu malamin lissafi da ba ya barin kowa yawo bayan la'asar. A can kuwa, da yaro ya yi ƙarfi abokai za su ja shi Harami tura arabiyya, keken da ake ɗora tsofaffi a yi musu ɗawafi. Babban bai gama sakandare ba ya bi su.

Da ƙaramin ya kammala karatun injiniya, muka yi walima a gida. Wani dattijo yana shi masa albarka, sai ya ƙara da cewa, "Ikon Allah. Ciki ɗaya, amma kai aka ba ƙwaƙwalwar."

Babban yana zuba wa baƙi gahawa. Na ga hannunsa ya tsaya.

Ƙaramin ya miƙe, bai ɗaga murya ba. "Baba, ka gafarce ni, ba haka ba ne. Muna sakandare, duk lissafin da ya gagare ni shi nake kai wa ranar Juma'a. Ya duba littafin ya warware mini, alhali ya bar aji. Da shi Gwaggo ta ɗauko, yau ni ke riƙe da butar nan."

Babban ya sunkuyar da kai ya ce, "Halas, ya isa."

"Bai isa ba, Yaya."

A lokacin na ɗauka daɗin baki ne. Ashe da gaske yake. Ya dawo da ɗan'uwansa Utaibiyya, suka zauna ɗaki ɗaya, ya sa shi makarantar manya ta yamma. Abokai sun yi masa dariya, da gemunsa ya koma aji. Bai fasa ba. Yanzu aikin haɗa magunguna yake karanta.

Tun ranar na daina yanke wa yaro hukunci da takardarsa. Ƙwaƙwalwa gadonta ake yi, amma unguwa ce ke buɗe mata ƙofa ko ta rufe.