Gorar Baffa a Laburare

A shekarata ta biyu a kwaleji a Haɗeja, fanka da wurin cajin waya ne suke kai mu laburare. Shugaban wurin, wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya gaji da ganinmu muna gyangyaɗi a gaban littattafansa, sai ya shirya ranar al'adun gargajiya. Ya ce kowa ya kawo wani abu daga garinsu, shi kuma zai ajiye littafin da ya yi maganar abin a gefensa, ko Allah zai sa mu buɗe.

Ni na fi kowa zaƙewa. Na ce ni jikan masunta ne daga wajen Auyo, su, wato kamun kifi, gadonmu ne. Ban faɗa musu cewa a cikin gari na tashi ba, kifi kuma a kwanon miya kaɗai na taɓa kama shi. Nan take aka ba ni teburin kayan su.

Na je ƙauye aron kaya wurin Baffa, yayan mahaifina. Ya ba ni koma, ragar nan ta kamun kifi, da ƙugiyoyi, amma gorar da yake shiga ruwa da ita ya ce ba ta kwana a wani wuri ba shi. Haka muka taho a babur, shi a baya rungume da ƙatuwar gora kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Ranar taron laburare ta cika. 'Yan matan Kafin Hausa sun jera faifai da ƙore, wasu suna dama fura. Na gyara murya, na fara bayani cewa masunci yana hawan gora ne ya zauna kamar mai doki.

Baffa ya ce, "Kai, ɗana, wa ya gaya maka? Da ciki ake kwanciya. Gwada musu mana."

Ba yadda zan yi. Na kwanta a kanta, ta mirgina, na tafi da teburin jaridu gaba ɗaya. Aka kwashe da dariya. Baffa ya fara duba gorarsa ko ta tsage, sannan ya waiwayo ni.

"A tudu ma ta ka da kai, ina ga ruwa?"

Shugaban laburare ya share hawayen dariya, ya buɗe littafin kifaye, ya ce, "Baba, ko kun san waɗannan?"

Baffa ya ɗora yatsa a hoton farko. "Ranka ya daɗe, ai tarwaɗa ce. Wannan karfasa. Wannan ragon ruwa ne, amma mai hoton ya ramar da shi."

Shugaban ya zaro fensir yana rubuta sunayen a gefen shafi, ɗalibai suna leƙe ta kafaɗarsa. Har aka kira la'asar Baffa yana ba da labarin yadda kacala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ta raba su da wuraren kamun kifin da suka gada. Ba wanda ya sake tambayata komai.

Da hutu ya zo, kunya ta kai ni ƙauye koyo. Kwana huɗu ina shan ruwan kogi kafin na kama karfasa ɗaya, ba ta kai tafin hannu ba. Matar Baffa ta soya ta, ta kawo mini a babban faranti da murfi.