Firintar Malam Kabiru Tana Nan a Kunne

Shekara shida ke nan da rasuwar mijina, Malam Kabiru, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne a Sandamu, mutum mai ƙaramar murya da taurin kai. Bai bar mota ba, bai bar gona ba. Firinta ya bari mai haɗe da sikana, kuma a kanta ake son in sunkuyar da kai bana.

Shi ya jona ta da rauta, wato na'urar da ke haɗa ta da wayoyi ba tare da igiya ba, ya rataye rautar a saman katanga don ta kai gidajen da ke kewaye da mu a nan Daura, sannan ya sa ni bin ɗakunan mata ina sa musu lambar sirri a waya. Matan layinmu ba kasafai suke fita ba, shi kuwa ya ce bai ga dalilin da mace za ta aika da takardar asibitinta shagon kasuwa kowa ya leƙa ba. Daga ɗakinta za ta turo, takardar ta fito a falona. Mai son sikanin ta shigo ta cikin gida, hoton ya faɗa wayarta.

To, bana Ladi maƙwabciyata ta yi sikanin takardun gonar mahaifinta, ta kai 'yan'uwanta maza kotu. Ashe ɗayansu aminin Yaya Sani ne, wan Malam, da ke zaune a layinmu. Ina Mashi wajen biki Yaya ya kawo mai gyara aka canza lambar. Na dawo na tarar layi ya yi tsit, mata sai kallona suke, kunya ta hana su tambaya.

Wallahi raina ya ɓaci, har kuka na yi. Sai na ciro tsinken tsifa na danna ramin bayan rautar yadda Malam ya koya mini, lambar da aka sa ta goge, na sake haɗa komai, na bi ɗaki-ɗaki da sabuwar lamba.

Yaya ya zo har tsakar gida, wai na mai da gidan ƙaninsa ofishin lauyoyi, in ban rufe ba zai cire hannunsa daga kanmu.

Na ce, "Yaya, ka cire. Abin da Malam ya buɗe, ba da hannuna za a rufe shi ba."

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san ba zai ɗaga wa wansa murya ba. Gaishe shi zai yi da ladabi, gobe ya ƙara wa rautar tsawo.

Abin da ya rage na Malam ke nan, kuma ya ishe ni. Ina kewarsa ƙwarai. Yaya ya daina amsa gaisuwata, buhun geron da yakan aiko ma ya tsaya. Amma shekaranjiya da hantsi firinta ta tashi, kuma daga wayar matar Yaya takardar ta zo. Ko zai tambaye ni har gobe, ba zai ji ta mece ce ba.